KIWON LAFIYA: MURAR DA TA ƘI ƘAREWA

Kowace shekara, da zarar an kai hatsi rumbu, iskar hunturu kuma ta taso, mura takan shiga gida-gida. Daga Tasawa har Madawa, daga Magarya har Birnin Ƙonni, babu ƙauyen da ba a jin tari da atishawa. Wannan murar kowa ya san ta. Takan yi kwana bakwai ko goma, ta wuce.

Amma akwai wata toshewar hanci wadda ba ruwanta da hunturu. Bazara ta zo tana nan, damina ta faɗi tana nan, kaka ta sake zagayowa ta tarar da ita. Mai ita yakan kwana baki buɗe, minsharinsa ya hana iyali barci. In ya zo alwala ya shaƙa ruwa, ruwan ba ya wucewa. In ya yi magana, sai ka ce ya matse hanci da yatsu. Ma'aikatan lafiya sun sa wa abin iyaka: toshewar hanci da majina, in sun wuce wata 3, sun fita daga sahun mura. Sau da yawa abin da ke ciki tsiron nama ne. Wani lokaci kuma, in an ɗauki hoton kai, sai a tarar da tsiro na biyu ɓoye a bayansa, shi kuwa na ƙashi.

Kogunan da ke cikin ƙashin fuska

Mahauci da makiyayi ba su bukatar dogon bayani a nan. Duk wanda ya taɓa fasa kan rago ko na sa ya ga ƙashin goshi ba cushe yake ba, akwai rami a ciki. A wajen shanu ramin yakan hau har cikin ƙaho. Shi ya sa in ƙahon sa ya karye daga gindi akan ga kogo, har a ji iska tana fita lokacin da dabbar ke numfashi.

Ɗan Adam ma haka Allah ya halicce shi. Yana da irin waɗannan koguna kashi huɗu, kowanne dama da hagu. Akwai na kumatu, su ne manya. Akwai na goshi, bisa gira. Akwai ƙanana masu yawa tsakanin idanu, jere kamar saƙar zuma. Akwai kuma na can ciki, bayan hanci, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Lokotoro yana kiran su sinis.

Kowane kogo an shafe cikinsa da wata fata mai laushi da danshi, irin ta cikin hanci. Ita ke yin majina dare da rana, majinar ta kama ƙura da ƙwayoyin cuta, ta bi wata ƴar ƙofa ta sauka cikin hanci, mutum ya haɗiye bai ma sani ba. Ƙofofin nan ƙanana ne ƙwarai. Aikinsu kamar na indararo ne a soro. In indararo yana buɗe, ruwan sama ya zube ƙasa. In ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufi, ya jiƙa ƙasa, ya fara cin azara. Duk maganar tsiron hanci a kan wannan indararo take.

Tsiron nama

Lokotoro yana ce masa polip. In fatar cikin hanci ta daɗe tana kumbure, wata da watanni ko shekara da shekaru, sai ta cika da ruwa, ta yi nauyi, ta reto ƙasa. Kamanninsa kamar bororon ƙuna ne: fari-fari, mai sheƙi, mai taushi. Yakan fara kamar ƙwayar wake, ya kai girman dabino, kuma ba safai yakan zo shi kaɗai ba. Galibi daga ƙananan kogunan tsakanin idanu yake fitowa, ya cika hanci dama da hagu. Ba shi da zafi ko an taɓa shi. Wannan rashin zafi shi ke yaudarar mutane su yi shekaru ba su je gidan likita ba.

Ƙidayar da aka yi a ƙasashen Turai ta nuna cikin mutum 100 akan sami 1 zuwa 4 masu shi. Ya fi kama manya, kuma maza sun fi mata. Yaro ƙarami ba safai yakan yi shi ba.

Ba a ɗaukarsa wurin wani. Ba ya bin ƙwarya ko cokali, ba ya bin tabarma. Makiyaya sun san tsutsar da ke shiga hancin tumaki, wadda wani ƙuda ke zubawa, tunkiya ta yi ta atishawa tana girgiza kai. Tsiron mutum ba ita ba ce, kuma kiwo ba ya kawo shi. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne.

Abin da ya fi ciwo a wannan cuta shi ne rasa jin ƙamshi da wari. Wurin jin ƙamshi yana can saman hanci, in tsiro ya rufe hanya iska ba ta kai wa gare shi. Wasu za su ce wannan ƙaramin abu ne. To, a tambayi matar da tuwonta ya ƙone tana zaune gindin murhu ba ta ji ƙauri ba. A tambayi maigidan da wuta ta kama danninsa cikin dare, maƙwabta suka ji hayaƙi shi bai ji ba. Wanda ba ya jin wari ba ya gane naman da ya ruɓe ko nonon da ya lalace. Manomin da ke feshin maganin ƙwari a gonar wake bai san iska ta juyo masa da gubar ba. Abinci ma yakan zama lami, domin yawancin daɗin miya ta hanci ake jin sa. Ga kuma rashin barci mai kyau: mutum ya tashi da asuba a gajiye, maƙogwaro a bushe, ga noma yana jira.

Wannan tsiro abokin tafiyar fuka ne, wato asma. Da yawa daga masu shi suna da ita. A cikinsu akwai waɗanda jikinsu ba ya shiri da asfirin. Wani lokotoro na ƙasar Faransa mai suna Widal shi ya bayyana haɗuwar abubuwan nan uku a 1922: tsiron hanci, da fuka, da ƙin asfirin. Mai irin wannan jiki in ya sha asfirin, ko ibuprofen, ko diclofenac, cikin awa ɗaya ko biyu numfashinsa yakan sarƙe, har abin ya kai ga halaka. Waɗannan ƙwayoyi kuwa su ne cike da tiren masu tallar magani a kowace kasuwa, kuma su mai ciwon kai ke fara saye. Duk mai toshewar hanci da fuka wanda ya taɓa jin ƙirjinsa ya ɗaure bayan shan ƙwayar ciwon kai, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya, a rubuta masa a takardarsa.

Akwai kuma wani iri da funfuna ke haddasawa a ƙasashe masu zafi. Tun shekarun 1960 lokotorori a ƙasar Sudan suka ba da labarin marasa lafiya da wata funfuna ta cika musu kogunan fuska, har ta turo ido. Ita ce funfunar nan da ke kama gujiya da masara in an ajiye su da danshi. Shanya amfanin gona har ya bushe sarai yana kare ciki, yana kuma rage abin da hanci ke shaƙa wajen ɓarar gujiya.

Ƙurar hunturu, da ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, da hayaƙin murhu a ɗakin da ba taga, da tabar shaƙa da ta busawa, duk suna ƙara fusata fatar hanci. Mai rufe hanci da amawali ko gyale a masussuka ya yi dabara.

Tsiron ƙashi

Shi kuma wannan, sunansa a bakin lokotoro ostiyom. Wani dunƙulen ƙashi ne da ke fitowa a jikin bangon kogo, ya girma zuwa ciki. Wani yana da tauri kamar haure ko ƙodagon goruba, wani yana da ɗan sako-sako. Cikin dukan tsirorin da ba na ciwon daji ba masu fitowa a kogunan fuska, shi ya fi yawa. Ya fi son kogon goshi, sannan na tsakanin idanu.

Abu na farko da ya kamata a sani: ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya juyewa ya zama ciwon daji. Ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta. Girmansa a hankali ne ƙwarai, abin da bai wuce kaurin ƙwayar hatsi ba a shekara, wani ma ya tsaya cak. Yawancin masu shi suna gama rayuwarsu ba su san da shi ba. In an ɗauki hoton kai na mutum 100 da na'urar sikana, akan tarar da shi a wajen kamar mutum 3, galibinsu wani dalili dabam ya kawo su.

Game da mafarinsa, masana suna da zato uku. Wasu sun ce tun halitta ne, a wurin da ƙasusuwan kai ke haɗuwa. Wasu sun ce tsohon bugu ne, kamar faɗuwa daga doki ko harbin jaki a goshi. Wasu sun ce daɗewar kumburi ce ke tsokanar ƙashi ya yi ta ƙaruwa.

In su biyun sun haɗu

Yadda akan gano su tare shi ne haka. Mutum ya je asibiti saboda tsiron nama, lokotoro ya sa a ɗauki hoto kafin aiki, sai ga wani farin dunƙule a goshi. Nama yakan fito toka-toka a hoto, ƙashi kuwa fari fat. Sau da yawa haɗuwar tasu katari ce kawai, kamar baƙi biyu da suka sauka gida ɗaya ba su san juna ba. Ƙashin yana can gefe, bai tare wa kowa hanya ba.

Amma wani lokaci sukan taimaki juna wajen ɓarna, domin unguwarsu ɗaya. Ƙofar kogon goshi tana sauka ne daidai ta tsakanin idanu, inda tsiron nama ke fitowa. In dunƙulen ƙashi ya zauna a bakin ƙofar daga sama, tsiron nama kuma ya cushe ta daga ƙasa, indararo ya toshe ke nan gaba da baya. Majina ba ta daina taruwa. Sai kogo ya cika kamar salka, ya yi ta kumbura a hankali, yana cin bangon ƙashi. Mutum ya yi ta fama da ciwon goshi mai nauyi, wanda ke ƙaruwa in ya sunkuya da hauya ko ya yi sujada.

Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa. A nan maganar ta zauna daidai. Bangon da ya raba kogunan nan da ramin ido siriri ne kamar takarda. In salkar majina ko dunƙulen ƙashi ya matsa shi, sai ido ya fara turowa waje, ya karkata ƙasa ko gefe, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Bangon baya kuma shi ya raba kogo da ƙwaƙwalwa. In ya huje, mugunya takan sami hanya ta haddasa sanƙarau. Mutanen ƙasar nan ba sa bukatar a gaya musu ko mene ne sanƙarau. Wannan ba ya faruwa da yawa, amma in ya faru, kwana ɗaya ma jinkiri ne.

Saboda haka, mai daɗaɗɗiyar toshewar hanci in ya ga fatar idonsa ta kumbura ta yi ja, ko ido ya turo, ko gani ya ragu, ko goshi ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, kada a jira ranar kasuwa. A nemi mota ko amalanke a ranar.

Wanda aka tarar masa da dunƙulen ƙashi da yawa, a kai da muƙamuƙi, akan duba masa hanji. Akwai wata cuta ta gado da wani masani na Amurka mai suna Gardner ya bayyana a farkon shekarun 1950, inda tsiron ƙashi ke tafiya da tsiro a hanji, na hanjin kuwa yakan zama ciwon daji. Ba ta da yawa, amma in an same ta sai a duba ƴan'uwa da ƴaƴa.

Aska ba ta shiga hanci

In tsiro ya leƙo har bakin hanci, akan sami mai cewa a kira wanzami ya fizge shi, ko a ɗaure shi da zare, ko a ɗura masa kanwa da barkono. Wanzami mutum ne mai daraja a gari, aski da ƙaho nasa ne. Amma a wannan wuri, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ido ke gani reshe ne, gindin yana can sama kusa da ido da ƙwaƙwalwa. An yanke reshe, gindi zai sake tohowa, ga jini, ga cutar da aska ta shigar.

Mafi muni, ba duk abin da ya leƙo daga hanci ne tsiron nama ba. Akwai wani tsiro cike da jijiyoyin jini da ke kama samari ƴan shekara 10 zuwa 20, masu yawan haɓo. In aka yanka shi, jinin ba ya tsayawa da tsumma. Akwai jariran da ake haifa da wata ƴar jaka a hanci wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa. Akwai kuma ciwon daji, wanda yakan fara a gefe ɗaya, da jini, da wari, da ciwo ko mutuwar fatar kunci. Ƙa'idar da lokotorori ke bi ita ce: tsiron da ke gefe ɗaya kaɗai, ko mai zubar da jini, abin tuhuma ne har sai an bincika. Yaro kuwa mai majina mai ɗoyi daga ƙofar hanci ɗaya, galibi wake ko tsakuwa ko ƙwallon magarya ya cusa. A kai shi a cire masa, kada a bi shi da tsinke.

Magani

Tafiya takan fara daga gidan likita mafi kusa, wato CSI. Ma'aikacin lafiya ya haska hanci, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya ba da takarda zuwa asibitin gunduma, daga nan zuwa babban asibitin jiha kamar na Maraɗi ko Tawa, ko asibitin ƙasa na Damagaram ko na Yamai. A Yamai akwai kuma babban asibitin da aka ƙaddamar a 2016. Sashen da ake nema shi ne na kunne da hanci da maƙogwaro, a bakin ƙofa akan rubuta ORL. Hoton radiyo na da yana nuna babban dunƙulen ƙashi, amma sikana, wadda aka fara aiki da ita a Ingila a 1971, ita ke nuna komi dalla-dalla.

An ce hanci bai san daɗin gishiri ba. To, ya san amfaninsa. Maganin farko, kuma mafi araha, shi ne wanke hanci da ruwan gishiri. A tafasa ruwa lita ɗaya, a zuba gishiri mai tsabta giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a bari ya huce. A sunkuya, a zuba ta ƙofa ɗaya ya fito ta ɗayar, safe da yamma. Tafasawar wajibi ce. Ruwan tabki ko na rijiya da ba a tafasa ba yana iya shigar da cutar da ta fi wadda ake wankewa. Kowace rana a haɗa sabo.

Na biyu shi ne maganin feshi a hanci mai kwantar da kumburi, wanda lokotoro ke rubutawa. Ba ya aiki rana ɗaya. Sai an yi makonni ana fesawa kullum kafin tsiro ya fara motsewa, kuma a nan ne mutane da yawa ke gajiya su bari. In tsiron ya yi yawa, lokotoro yakan ƙara da ƙwayoyi na ƴan kwanaki kaɗan, ya ƙidaya su. Dangin ƙwayoyin nan ne ake sayarwa a kasuwa ana sha don ƙiba. Mai toshewar hanci in ya sha su yakan ji hanci ya buɗe, sai ya mai da su abincin kullum. Ƙarshenta ciwon sukari, da hawan jini, da gyambon ciki, da ƙashi mai saurin karyewa. Haka kuma maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take: in an wuce mako ɗaya ana ɗiga shi, shi da kansa yakan zama mai toshe hancin. Tun 2019 akwai wata sabuwar allura a Amurka da Turai don tsiron da ya gagara, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Tsiron ƙashi kuwa ba shi da ƙwaya, ba shi da allura, ba shi da saiwa. Babu abin sha da ke narkar da shi, duk wanda ya ce yana da shi kuɗi yake nema. In ƙarami ne kuma bai tare hanya ba, akan bar shi, a riƙa sake hoto lokaci-lokaci a ga ko ya ƙaru. Wasu marasa lafiya sukan ji haushi in an ce a bar shi, su ga kamar an raina su. Ba raini ba ne. Ƙashin da ya manne a bangon ido ko na ƙwaƙwalwa, cire shi ba dalili ya fi barinsa haɗari. Sai in ya toshe ƙofar goshi, ko yana girma, ko ya matsa ido, sannan a cire.

In magani ya kasa, sai aiki. A da akan tsaga fuska. Daga shekarun 1970 zuwa 1980, lokotororin birnin Garaz na ƙasar Ostiriya suka kyautata hanyar shiga ta ƙofar hanci da wani siririn bututu mai fitila da madubi. Inda akwai kayan, da shi ake kwashe tsiron nama a buɗe ƙofofin koguna, ba tabo a fuska. In dunƙulen ƙashi yana kan hanya, akan goge shi da ƴar na'ura a zama ɗaya. In babba ne ko ya yi nisa cikin goshi, sai an shiga ta gira ko ta cikin gashin kai. Ana sa mutum barci, ba ya jin komi.

Ƙashin da aka cire duka ba safai yakan komo ba. Nama kuwa yakan komo, musamman ga mai fuka, domin aiki ya cire tsiro ne, bai sauya halin fatar da ta haife shi ba. Shi ya sa ruwan gishiri da feshi ba sa ƙarewa ranar sallama.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In abin ba na gaggawa ba ne, manomi ya shirya da lokotoro a sa aikin bayan kaka, lokacin da akwai ɗan kuɗi a hannu kuma gona ba ta jira. A tafi da ɗan jinya, da dukan tsofaffin takardu da hotuna, da kwalayen magungunan da ake sha. Bayan aiki, kamar mako biyu, ba fyace hanci da ƙarfi, ba ɗaukar buhu, ba jan guga, ba shiga masussuka. In wani ruwa garai-garai mai ɗanɗanon gishiri ya riƙa ɗiga daga ƙofar hanci ɗaya, musamman in an sunkuya, yana iya zama ruwan ƙwaƙwalwa ne. A koma asibiti a ranar.